Wa Ya Nutsar Da Titanic? Hirar Raha A Teburin Mai Shayi A Jos

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ko Janairu ya san ba a yi wa sanyin garin wargi. Da an idar da sallar isha'i, sai ka ga magidanta da samari, kowa ya ƙudundune cikin rigar sanyi, sun yi wa teburin mai shayi ƙawanya, ko a Titin Bauci, ko a Gangare, ko Dilimi, ko Unguwar Rogo. A nan ne ake warware siyasar duniya, a naɗa gwamna a tuɓe shi, duk kafin shayi ya huce. Daga cikin maganganun da kan faɗo a irin wannan majalisa, in hira ta yi daɗi, har da labarin wani jirgin ruwa na Turawa wanda ya nutse fiye da shekara 110 da suka wuce, watau Titanic.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, Jos tana bisa tudu ne, wajen ƙafa 4,000 sama da teku, kuma ruwan da yaran garin suka fi sani shi ne kududdufan da masu haƙar kuza suka bari. Amma tun da fim ɗin James Cameron ya fito a 1997, kaset ɗinsa ya zaga gidaje da gidajen kallo, sai jirgin ya zama kamar ɗan gari. A 2003 ma masu shirya fim ɗin Hausa suka yi nasu mai suna Masoyiyata Titanic. Dama Jos garin sinima ce, nan ne mazaunin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Sa'an nan a watan Yuni na 1923 da shekara ɗari, watau 2023, lokacin da wani ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Titan ya tarwatse da mutum biyar a kan hanyarsu ta zuwa kallon ɓaraguzan Titanic, sai tsohuwar hira ta sake tashi a wayoyin hannu.

ABIN DA YA AUKU

Kafin a shiga ƙanzon kurege, ya kamata a fara da abin da aka tabbatar. An ƙera Titanic a birnin Belfast, a ma'aikatar Harland and Wolff, domin kamfanin White Star. Tsawonsa ƙafa 882, kuma a lokacin babu jirgin ruwan da ya kai shi girma. Ya tashi daga Southampton ta Ingila ran 10 ga Afrilu, 1912, ya nufi New York da mutane wajen 2,200. Daren 14 ga wata, da ƙarfe 11.40, ya gogi wani tsaunin ƙanƙara da ke yawo a tekun Atlantika. Da ƙarfe 2.20 na dare, watau bayan sa'a biyu da minti 40, ruwa ya haɗiye shi. Fiye da mutum 1,500 suka halaka, yawancinsu sanyin ruwa ne ya kashe su. Wajen 700 suka tsira, wani jirgi mai suna Carpathia ya tsince su da gari ya waye.

Majalisar Dattawan Amurka ta yi bincike, gwamnatin Ingila ma ta yi nata a ƙarƙashin Lord Mersey, kuma kafin ƙarshen watan Yuli na shekarar duka rahotanni biyun sun fito fili. Abin da suka gano ba shi da wani ɓoyayyen asiri. An aiko wa jirgin gargaɗi da dama cewa akwai ƙanƙara a gaba, amma aka ci gaba da gudu kusan iyakar ƙarfinsa. An raba cikinsa ɗaki 16 masu tare ruwa, zai iya jure huɗu na gaba su cika, sai ƙanƙarar ta buɗe fiye da haka. Jiragen tsira 20 kaɗai aka ɗora masa, masu ɗaukar mutum 1,178, domin tsohuwar dokar Ingila ba ta tilasta fiye da haka ba. Waɗannan ɗin ma ba a cika su ba: na farko da aka saukar mai cin mutum 65 ne, amma bai ɗauki ko rabin haka ba.

RAHA DA BARKWANCI

To, a teburin mai shayi wannan bayani ya yi salam, ba shi da gishiri. Saboda haka sai kowa ya kawo nasa. Bakano zai rantse cewa wani Bazazzagi ne aka ba riƙon sitiyari daren nan. Bakatsine zai ce ai Banufe aka ɗauko daga kwale-kwale aka ce ya tuƙa, Bafillace kuma ya ɗora wa Babarbare laifi, kamar yadda wasan barkwanci ya gada tun kaka da kakanni. Wani zai ce kuzar Jos aka loda masa, nauyinta ya ja shi ƙasa. Wani kuma zai ce shi dai ƙanƙarar da ya sani ita ce wadda kan zubo da damina ta huda kwanon ɗaki, in har ta iya kayar da jirgi mai hawa-hawa, to lalle da hannun wani a ciki. Sai a kwashe da dariya, a ƙara wa mai shayi ciniki.

Maganar kuza ba ta rasa ɗan tushe ba, ko da yake Titanic bai taɓa zuwa Afirka ba. A 1912 ɗin nan haƙar kuza tana tashe a kan tudun Filato, ana cikin shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta isa Bukuru a 1914, kuma kuzar da aka haƙa Ingila ake kai ta a jiragen ruwa. Amma dai mai faɗin wannan magana da masu saurarensa duk sun san wasa ne. Inda gizo ke saƙa shi ne waɗansu labarai da Turawa da kansu suka ƙaga, aka rubuta su a littattafai, yanzu kuma suke shigowa ta waya da murya mai kama da ta masana.

MUSANYAR JIRGI

Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne cewa wai ba Titanic ne ya nutse ba, ɗan'uwansa ne mai suna Olympic. Gaskiya ne Olympic ya yi karo da wani jirgin yaƙin Ingila mai suna Hawke ran 20 ga Satumba, 1911, ya ji rauni, aka mayar da shi Belfast gyara. Daga nan wani marubuci Ba'ingile, Robin Gardiner, ya fito da littafi a 1998 yana cewa kamfani ya musanya sunayen jiragen biyu, ya tura gurgun ya nutse da gangan don a karɓi kuɗin inshora. A Jos wannan labari yana da farin jini, domin duk wanda ya taɓa sayen tsohuwar mota ya san yadda ake shafa wa ruɓaɓɓiya fenti a ce sabuwa ce. Har akan yi raha cewa da kanikawan 'Yan Taya aka ba aikin, da babu wanda zai gane har abada.

Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. An kashe wajen fam miliyan ɗaya da rabi wajen ƙera Titanic, inshorarsa kuwa fam miliyan ɗaya ce. Wane ɗan kasuwa ne zai ƙona hajar da ta fi abin da za a biya shi? Bugu da ƙari, kowane jirgi yana da lambar da maƙera suka buga a sassansa: ta Olympic 400, ta Titanic 401. Masu nutso sun ga 401 a jikin farfelar jirgin da ke kwance a ƙasan teku. Shi kuwa Olympic da aka ce ya gama yawo, sai da ya yi jigilar soja a Yaƙin Duniya na Farko, ya ci gaba da aiki har 1935. Kuma dubban ma'aikata ne a wannan ma'aikata, da wuya a ce duk sun mutu da sirri ɗaya a ciki ba wanda ya tsegunta wa matarsa.

ATTAJIRI DA GAWAR MASAR

Na biyu shi ne na attajirin nan na Amurka, J. P. Morgan, wanda kamfaninsa ya mallaki White Star. An shirya zai shiga jirgin, sai ya fasa, ya tsaya a Faransa. Cikin waɗanda suka mutu kuwa akwai manyan masu kuɗi uku, John Jacob Astor da Benjamin Guggenheim da Isidor Straus. Sai masu shaci-faɗi suka ce wai su ukun suna adawa da kafa babban bankin Amurka, shi ya sa Morgan ya halaka su. Babu wata shaida cewa Astor ko Guggenheim sun yi wannan adawa, Straus kuwa an san yana goyon bayan gyaran harkar banki. Morgan kansa ya mutu a watan Maris na 1913, watanni kafin a zartar da dokar bankin a Disamba. Har ila yau ba wanda ya taɓa bayyana yadda mutum zai yi alkawari da tsaunin ƙanƙara ya tsaya masa a wuri kaza da ƙarfe kaza. A nan ne mai raha kan ce lalle Morgan ya fi bokan kowane gari.

Na uku ya fi kama da tatsuniyar gizo da ƙoƙi: wai an ɗauko busasshiyar gawar wata gimbiyar Masar mai la'ana a cikin jirgin. Asalin zancen shi ne, wani sanannen ɗan jarida, W. T. Stead, wanda ya mutu a haɗarin, ya ba abokan cin abincinsa labarin wannan la'ana a cikin jirgi, waɗanda suka tsira suka maimaita, jaridu suka ƙara gishiri. Abin da ake magana a kai marfin akwatin gawa ne kawai, ba gawa a ciki, kuma yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan tun 1889. Babu shi cikin takardar kayan jirgin.

Akwai kuma maganar da masu wa'azi na masallaci da na coci duka suke kawowa, cewa maƙeran sun yi alfahari wai ko Allah ba zai nutsar da jirgin ba. Wannan furuci babu shi cikin takardun kamfanin. Abin da aka tabbatar shi ne mujallun sana'ar sun yaba shi da cewa da wuya ya nutse, kuma wannan amincewa ta sa aka yi sakaci. Darasin da malamai ke so a ɗauka game da girman kai yana nan daram, ba ya bukatar a jingina shi da kalmar da ba a tabbatar ba.

LAMBAR DA BA TA WANZU BA

Labari na huɗu shi ne wanda ya kamata mutumin Jos ya saurara da kunnen basira. Belfast gari ne da 'yan Katolika da 'yan Furotesta suka daɗe suna zaman doya da manja, unguwanni a rabe, kowa na zargin kowa. Yawancin ma'aikatan Harland and Wolff 'yan Furotesta ne. Bayan haɗarin sai magana ta bazu cewa wai an rubuta lamba 390904 a jikin jirgin, wadda in an haska ta a madubi takan yi kama da kalmomin Turanci masu nufin babu Fafaroma, saboda haka Allah ya yi fushi ya nutsar da shi. Jirgin bai taɓa ɗaukar wannan lamba ba. Lambar maƙera 401 ce, ta rajista kuma 131428. Amma da yake labarin ya dace da abin da ke zukatan mutane, sai ya rayu shekara da shekaru. A watan Yuli na 1912 ɗin nan aka fatattaki ma'aikata 'yan Katolika daga ma'aikatun jiragen Belfast, a kan rigimar siyasar Ailan. A irin wannan gari, magana irin ta lambar nan ba abin dariya ba ce.

INDA AKA ƁOYE GASKIYA

Kada kuma a ɗauka duk mai zargin hukuma mahaukaci ne, domin ruwa ba ya tsami banza. Lokacin da Robert Ballard na Amurka da Jean-Louis Michel na Faransa suka gano ɓaraguzan Titanic ran 1 ga Satumba, 1985, a zurfin wajen ƙafa 12,500, duniya ta ɗauka aikin masana ne zalla. Sai bayan shekaru aka bayyana cewa rundunar sojan ruwan Amurka ce ta biya kuɗin tafiyar Ballard, domin ya duba mata jiragenta biyu na ƙarƙashin ruwa masu aiki da nukiliya, Thresher da Scorpion, waɗanda suka nutse a 1963 da 1968, ba tare da Rasha ta farga ba. Ballard kansa ne ya faɗa. Haka nan gaskiya ne akwai wuta da ke ci a ɗaya daga rumbunan gawayin Titanic tun kafin ya tashi, an kuwa faɗi haka a gaban masu bincike a 1912, ko da yake yawancin masana ba su yarda ita ce ta kayar da jirgin ba.

Akwai ma misali a kan hanyar da ta shafe mu. Ran 28 ga Maris, 1915, jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya harbi Falaba, jirgin kamfanin Elder Dempster da ya taso daga Libaful zuwa Afirka ta Yamma, mutum 104 suka mutu. Jamusawa suka ce akwai kayan yaƙi a ciki. Binciken Lord Mersey ya ɗora laifi a kan Jamus, amma ya amsa cewa jirgin yana ɗauke da tan 13 na harsashi da albarushi na gwamnati. Bambancin waɗannan da tatsuniyar musanyar jirgi shi ne, a nan akwai takarda, akwai shaida, akwai wanda ya fito ya amsa.

Babban abin kunyar Titanic ma a fili yake, sai dai ba ya daɗin hira. Wajen kashi 60 cikin 100 na fasinjojin ajin farko sun tsira, alhali na aji na uku, talakawa masu zuwa ci-rani Amurka, kashi uku cikin huɗu suka mutu. Wanda ya shagala da neman gawar Fir'auna, ya manta ke nan da tambayar da ta fi muhimmanci: me ya sa jiragen tsira ba su isa ba, wa kuma aka bari a baya? Waɗanda suka yi wannan tambaya su ne suka kawo gyara. A watan Janairu na 1914, watan da aka haɗe Arewa da Kudu aka yi Nijeriya, ƙasashe suka sa hannu a Landan kan yarjejeniyar kiyaye rayuka a teku, wadda ta ce kowane mutum a jirgi a tanadar masa gurbi a jirgin tsira, kuma a riƙa sauraren rediyo dare da rana.

IDAN WASAN YA ZO GIDA

Dalilin da ya sa hirar Titanic take da daɗi a Jos shi ne babu wanda kakansa ya mutu a ciki, babu kuma wanda za a ƙona wa shago saboda ita. Amma in aka sauya sunan jirgin aka sa Kasuwar Terminus, nan take dariya za ta ɗauke. Wannan kasuwa da aka kammala a tsakiyar shekarun 1980, ake alfahari da ita a matsayin ɗaya daga manyan kasuwannin Afirka ta Yamma, ta ƙone a watan Fabrairu na 2002, watanni biyar bayan rikicin da ya ɓarke ran 7 ga Satumba, 2001, wanda ya ci rayuka wajen 1,000. Har yau ba a ba jama'a bayanin da ya gamsar da su kan musabbabin gobarar ba, saboda haka kowane ɓangare yana riƙe da nasa labarin, kuma a kowane labari maƙwabci ne mai laifi. Kwamitocin bincike irin su na Mai Shari'a Niki Tobi sun zauna kan rikice-rikicen garin, amma rahotanninsu sun shafe shekaru a aljihun tebur. Inda hukuma ta yi shiru, jita-jita ce ke hawa mumbari.

Mutanen garin sun ga abin da magana maras tushe ke haifarwa. A watan Agusta na 2014, lokacin fargabar cutar Ebola, saƙo ya zaga ƙasar nan cikin dare cewa kowa ya yi wanka da ruwan gishiri, ya kuma sha. Jaridu sun ba da labarin mutum biyu sun mutu a Jihar Filato, an kwantar da wajen 20 a asibiti. Daga baya aka sami wadda ta fito a intanet ta ce ita ta fara, wai da wasa. A watan Yuni na 2018 kuma, ana cikin kashe-kashe a yankin Gashish, aka yaɗa hotuna masu tayar da hankali a Facebook. Binciken BBC ya gano cewa ɗaya daga cikinsu an ɗauke shi ne a Kongo-Barazabil tun 2012, kuma 'yan sanda sun ce irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen hura wutar ramuwar gayya a kan matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce.

Saboda haka raha kan Titanic tana da amfaninta, in an san yadda za a yi ta. Matashin da ya koyi yi wa tatsuniyar Olympic tambaya, wa ya faɗa, ina shaidarsa, wa zai ci riba in an yarda, ya sami makamin da zai kare kansa ranar da saƙo zai shigo wayarsa cewa ga mutanen unguwa kaza can suna tahowa. A majalisa, fuskar mai magana takan nuna wasa yake yi, in ya zarce kuma akwai dattijon da zai ce masa ya isa. Saƙon waya ba shi da fuska, kuma da ya bar hannun mai shi, na goma da zai karanta ba zai san da dariya aka rubuta ba.

Sanyi zai sake zagayowa, majalisa za ta sake cika, Bakano zai sake rantsuwa cewa Bazazzagi ne ya tuƙa jirgin, kuma babu laifi a yi dariya. Abin roƙo kawai shi ne, wanda ya tashi daga teburin ya bar wasan a nan tare da kofin shayinsa, labarin da ya shafi maƙwabci kuwa a auna shi kafin a kai shi gaba. Allah ya zaunar da Jos da ƙasa baki ɗaya lafiya, amin.